Na Je Landan Sayo wa Ladan Murya

Mun bar gida ana idar da sallar asuba, sallar da saura kaɗan ta wuce ni domin ban ji kiranta ba, alhali tsakanina da masallaci katanga ce kawai da bishiyar darbejiya. Ladaninmu ya tsufa. Tare aka yi mana kaciya da shi, kun ga kuwa ba zan yi masa dariya da ƙarfi ba. Dattawan unguwa sun fara ƙus-ƙus cewa a ba wani matashi mai maƙogwaro kiran. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce a dakata, tunda zan je Landan a duba mini ido, zan taho da lasifikar da za ta kai muryarsa har bakin kasuwa. Wani ya ce ai akwai lasifika mai ƙaho a Sabon Gari, aka yi masa caa. A zamanin nan da man fetur ya sa mai gadi ma yana zancen firji, masallacinmu ne zai ƙare da kayan Sabon Gari?

Jirgi cike yake da mutanenmu, kowa da ƙaton akwati wanda babu komai a ciki. Aka kawo abinci a wani faranti mai ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Na ci burodin, sauran na yi musu fatan alheri.

Ɗan ƙanena, wanda gwamnati ta tura kwas, shi ya tarye ni. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka yi ta tafiya a cikin rami har na fara tuba, sannan ya fito da mu sarari muka sauka a Barking. Gidajen can manne suke da juna kamar ƙwayar masara, duk iri ɗaya, ban san yadda mutum yake gane matarsa ba. Sanyi kuwa ba ya gaisuwa. Kuɗin ayaba ɗaya a can, a Kano sai ka ɗauki nono guda a yi maka gyara.

Maganar ido ba ta ja ba. A wani asibiti a Whitechapel likita ya nuna mini haruffa a bango. Ni dai elementare na ɗan leƙa kafin a cire ni a kai ni kanti, saboda haka manyan na karanta, ƙananan kuwa har yau ban san ko ido ne ko karatu ba. Ya ba ni tabarau. Muka yi azahar a wani ɗan masallaci na kusa, inda ladan ya yi kira a ciki, ƙofa a rufe, kamar mai ba da sirri.

Da na gaya wa yaron nan saƙon unguwa, sai ya yi murmushin wanda aka taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. Ashe falonsa cike yake da mujallun kayan sauti, waɗanda ba su da aiki sai zancen garmaho da lasifika. Ya baje su a ƙasa yana fassara mini. Wani marubuci ya je baje koli ya saurari wata lasifika ya ce sautinta yana da ɗumi. Wani a wata mujallar ya saurari ita wannan ɗin ya ce a bushe take. Na tambaya ko sun yi faɗa ne, ya ce a'a, dukansu masana ne. Akwai kuma zane mai hawa da gangara wanda ya ce shi ne halin lasifikar. Na sa sabon tabarau na duba, ban ga hali ba. Na ce to wacce ce aka rubuta tana kaiwa nesa? Ya yi ta buɗe shafi, babu wanda ya ga wannan abin tambaya ne.

Ran Asabar ya ce ya yi mana booking, muka tafi baje kolin da kanmu, a wani otal kusa da filin jirgin sama. Na zaci kasuwa zan gani. Sai na tarar an kwashe gadajen ɗakunan kwana, an jera kujeru, an kafa akwatunan katako biyu a gaba, wai su ne lasifikar. Turawa na zaune sun rufe ido, ba mai tari, wani yana gyaɗa kai a hankali. Na raɗa wa yaron nan na ce wa ya rasu? Ya ce in yi shiru, goge ake ji a faifai. Aka gama, suka tashi suka shiga ɗaki na gaba, aka sa musu faifan nan dai, suka sake rufe ido. Muka bi su ɗaki bayan ɗaki. Wani mai gemu da aka ce marubucin mujalla ne, har tashi ake yi a ba shi kujerar tsakiya, wai nan ne kaɗai sauti yake cika. Kujera ɗaya, jama'a, a ɗaki guda.

A wani ɗaki muka sami lasifikar da mujallun biyu suka yarda da ita. Yabon da suka yi mata shi ne ba ta ƙari, ba ta ragi, abin da aka ba ta shi take fitarwa. Na ce wannan ai shaidar kirki ce, ko alƙali zai karɓa. Na sa a ce wa mai kayan ya ƙure ta in ji. Ya dube ni kamar na ce ya yanka ɗansa, ya ɗan murɗa kaɗan. Na ce a tambaye shi ko tana jure rana da ruwan sama. Na lura fassarar ta fi tambayar gajarta, amsar kuma ba ta dawo ba. Na fara zancen ko dai mu nemi ƙaho irin wanda na ji yana sanarwa a tashar Stratford, sai yaron nan ya kama hannuna.

“Haba Baba. Ƙahon tasha? Ɗakin Allah za a kai wa fa.”

Wannan magana ta ɗaure ni. Muka saya, har da na'urar ƙara ƙarfi, da rikoda, da makirfo. A jirgin dawowa na fi kowa kaya, na fi kowa rashin sanin abin da na sayo.

Da na iso gida ban kai su masallaci ba tukuna. Na sa mai gyaran rediyon unguwa ya haɗa su a zaurena, na aika aka kira Ladan don gwaji. Ya tsaya ya yi kira a makirfo, aka ɗauka a kaset. Na ɗauko kujera na ajiye a tsakiya daidai, na zaunar da shi a matsayin marubucin mujalla, na ce ya rufe ido, haka ake yi.

Mujallun ba su yi ƙarya ba. Komai ya fito. Numfashin da yake ja kafin kowace kalma, da rawar da muryar take yi in ya zo ja, da fitar iska ta giɓinsa, da wurin da ta karye ya haɗiye ya sake kamawa. Kamar yana tsaye a gabanmu. Mai nama da ke ƙofar gidana kuwa ya ce bai ji komai ba.

Ladan bai buɗe ido ba har kaset ya ƙare. Sannan ya ce, “Alhaji, haka kuke ji kullum?”

Na ce injin ne, bai saba da zafin ƙasarmu ba.

“Kai ka ce ba ta ƙari.”

Ya nemi sandarsa. A bakin ƙofa ya ce in gaya wa dattawa su ba matashin nan mai maƙogwaro kiran daga magariba, shi zai riƙa buɗe ƙofa da shimfiɗa tabarmi. Na bi shi ina cewa gobe zan shiga Sabon Gari in sayo ƙahon, ya ce in bari, ƙaho ma abin da ya ji ɗin nan zai kai bakin kasuwa.

Masu tambayata abin da na koyo a Landan, ga shi, ku riƙe da kyau: in za ka sayi abu, ka tambayi aikin da aka yi shi dominsa kafin ka tambayi wanda ya yabe shi. Sauran ban gane ba. Na tafi in tsare wa abokina aikinsa, na haye teku na ɗauko abin da ya sauke shi, dattawa kuma sai godiya suke yi mini. Akwatunan suna nan a zaure. Da la'asar Ladan yakan zo mu ji labaran duniya a cikinsu, kuma har yanzu bai yarda ya sake zama a kujerar tsakiya ba.