Cibiyar Waya

Babanmu bai taɓa ajiye lambar kowa a cikin waya ba. Ranar da na nuna masa ana iya yi, dubana ya yi ya ce, "To shi kuma yatsana aikin me zai yi?" Lambobin da yake kira a duniya ba su wuce shida ba, kuma duk a babban yatsansa na hagu suke zaune. Ka ce ya faɗa maka da baki, sai ya ce sifili, takwas, ya tsaya yana kallon sama. Amma miƙa masa wayar ka ga ikon Allah: tit-tit-tit, kafin ka ƙifta ido har ta fara ringin.

Biyar daga cikin lambobin nan namu ne, mu 'ya'yansa da ƙaninsa. Ta shidan ta wani Babarbare ce da ba wanda ya taɓa ganinsa a gidanmu. Tare suka yi leburanci a Abuja tun tana daji, suna kwaɓa siminti, suna kwana a rumfa ɗaya. Da aikin ya ƙare kowa ya koma garinsu, Baba yamma, shi kuma can gabas. Sun shekara fiye da ashirin ba labarin juna, sai wani direban tirela ya kawo wa Baba lambarsa a bayan kwalin ashana. Kwalin ya daɗe da ɓata. Tun daga lokacin, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai Baba ya kira shi sun zagi juna son ransu, don mu Fulani ne, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare. "Bawana, kana raye?" Da haka ake buɗe hirar. Muna yara-yara ma mun san kada a kawo wa Baba abinci sai ya gama zagin Babarbarensa.

Bara na sa aka kawo shi wurina a Kurudu don a yi masa aikin yanar ido. A hanya, wajen sauka daga mota a Zuba, wayar ta yi ƙafa. Ko faɗuwa ta yi, ko wani ɗan albarka ne ya taya shi riƙo, Allah masani. Ni dai da na ji, wallahi har cikin raina na yi murna. Wayar nan ta ishe ni. An ɗaure ta da kyauro, lambobin jikinta sun goge tas, in ya fito da ita a gaban mutane ji nake kamar in nutse. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Layin ne ya ba mu matsala. Muka je a dawo da shi, aka ce sai wanda ya yi rajistarsa ya zo ya ɗora yatsa. Ashe wani maƙwabcin Baba ne ya yi masa tun da daɗewa, shi kuwa mutumin ya shekara huɗu a ƙasa. Baba ya ce wa yarinyar da ke bayan tebur, "'Yata, in kin iya taso shi, ni ma ina da magana da shi." Haka muka haƙura muka yanki sabo.

Ni kuwa na tafi na sayo masa waya ta shafawa, ƙatuwa, mai sheƙi, irin wadda in ka ajiye a tebur ana sanin 'yarka tana aiki a Abuja. Maigidana ya juya ta ya ce, "Anya kuwa?" Na ce ya bar ni da ubana, ni na san shi.

Aikin ido ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da aka cire bandeji Baba ya kalle ni ya ce, "Uwata, ashe kin tsufa haka?" Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci. Amma wayar nan fa suka ƙi shiri. Hannun manomi ne, ya yi kanta, in ya shafa ta ƙi motsi, in ya danna da ƙarfi ta buɗe abu goma. Cikin kwana biyu na tarar da hoton hancinsa ya fi talatin. Ya ce wannan ba waya ba ce, madubi ne aka sa wa caji.

Na zaunar da shi na buɗe masa wurin lambobi. Ga su nan manya-manya, yana ganinsu sarai da sabon idonsa. Na ce, "To Baba, bismillah, kira mutumin naka." Ya ɗora yatsa, ya ɗauke. Ya sake ɗorawa. Ya ce, "Ido bai san ta ba, Uwata. Yatsa ne ya sani, shi kuma kin ɗora shi a kan santsi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce kowa yanzu irinta yake riƙewa, har masu sayar da rake a bakin titi, a hankali zai saba. Baba ba ya musu da 'ya mace, sai dai ya bar ka da halinka.

Juma'a uku ta wuce a haka. In ya dawo daga masallaci sai ya zauna a kan tabarma a ƙofar falo, babban yatsan nan yana motsi a kan gwiwarsa shi kaɗai. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. A ta ukun na tsaya a kansa na ce, "Wai Baba duk a kan zagi ne kake wannan rama?"

Ya ce, "Mutumin nan ya girme ni da shekara biyar. Yana kiran tsohon layi yana jin a kashe. Zai ce na mutu. In kuma shi ne ya mutu, wa zai gaya mini?"

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don ni ta burga nake yi, shi kuwa abokin shekara arba'in ne yake shirin kuɓuce masa. Kuma na tsorata, don yatsa ma yana mantuwa in aka daɗe.

Juma'ar da ta biyo, ana sallamewa na ɗauke shi a tasi muka nufi kasuwar 'yan waya a Wuse. Muka sha cunkoson Nyanya, Baba yana leƙe ta taga yana nuna mini manyan gine-gine yana cewa nan duk gamba ce da, can kuma sun taɓa kashe gafiya. A mota muka yi yarjejeniya. Ni sharaɗina fuskar wayar ta zama babba, don likita ya ce kada ya riƙa takura idon. Shi kuma ya ce nasa sharaɗin ɗaya ne: ta zama mai cibiya. Na ɗauka irin maganarsa ce, ban ko tambaya ba.

Shagon farko, mai shi ya tarbe mu da "Oga, oga, shigo, akwai sabon shigowa." Na ce mai madannai muke so. Ya yatsine fuska kamar na ce ya ba ni guba, ya jawo wata daga ƙasan kanta. Baba ya karɓa, ya rufe ido, ya shafa ta sama da ƙasa.

"Ina cibiyarta?"

Mutumin ya dube ni, na dube shi. Ya juya wayar ya nuna ramin caji. Baba ya ce, "Kai a nan taka cibiyar take?" A shago na biyu aka nuna masa kyamara. A na uku mai shagon ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, suka yi ta dariya, ni kuwa gumi ya jiƙa mini mayafi. Na ja Baba gefe na ce don Allah ya daina ba ni kunya, wace irin cibiya kuma a jikin waya? Ya ce, "Ke da kika yi boko ba ki sani ba, ni zan gaya miki?"

Wata mata ce ta cece mu. Tana zaune a ɗan ƙaramin shagonta tana cin gyaɗa, da sarƙar gicciye a wuyanta, daga jin Hausarta mutuniyar wajen Jos ce. Ashe duk tana jin mu. Ta ce, "Anti, kawo Baba nan. Na san abin da yana nema. Mamana ma haka ne, ita ƙurji tana ce masa."

Ta ɗauko wata waya, ta kama yatsana ta ɗora a kan lamba biyar. Sai na ji ɗan tudu, ƙanƙane, bai kai ƙwayar gero ba. Shekara nawa ina riƙe waya ban taɓa sanin da shi ba! Ashe daga nan Baba yake tashi: ya sami cibiya, ya san biyu tana sama, takwas tana ƙasa, huɗu da shida suna gefe. Baba ya washe baki ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Duk kasuwar nan ke kaɗai ce mai hankali." Ya haɗa da ni a ciki, na sani.

Ta baje mana guda huɗu a kan gilashi. Ta farko irin ƙananan nan ce da ake kira rakani-kashi, cibiyarta ta yi wa Baba, amma fuskar kamar kwalin ashana, na ce ban yarda ba. Ta biyu fuska fal, sai dai madannan a manne suke da juna sumul, Baba ya ce wannan ƙanwar madubin gida ce. Ta uku madannan sun matsu, yatsansa yana danna biyu a lokaci ɗaya. Ta huɗu kuwa, kai! Mummuna ce ta ƙin ƙarawa. Kauri kamar sabulun wanki, launinta ruwan lemo, ga tocila a ka kamar ta mafarauci. Amma fuskarta ta kai rabin tafin hannuna, kowane madanni kuma da gidansa daban. Baba ya shafa ta, ya ce, "A sa layi."

Matar ta cire layin daga wayar shafawar ta sa a ciki. Baba ya gyara tsayuwa ya danna. Sai wayar ta kwatsa da muryar Baturiya, tana faɗin kowace lamba da ƙarfi. Ya zabura har ya kusa yar da ita. "Wa ya tambaye ta?" Matar tana dariya har da hawaye ta kashe muryar.

Ya sake. Lambobi goma sha ɗaya suka jeru a fuskar, ta shiga. Aka ɗauka. Wata Bayarabiya ce, ta wanke Baba tas da yarensu ta kashe. Ya sake gwadawa, wannan karon a lamba ta bakwai yatsan ya tsaya cak. Baba ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar.

Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba. Na tuna ban taɓa ganin ya yi kiran nan a tsaye wuri ɗaya ba. Kullum a tafe yake, yana dawowa daga masallaci, carbi a dama, waya a hagu. Na karɓe sandarsa, na zaro carbin daga aljihunsa na danƙa masa. Na ce, "Baba, yi tafiyarka. Kada ka kalle ta."

Ya bi layin shagunan nan a hankali, yana jan carbi, idonsa a gaba, ni da matar muna biye da shi kamar masu rakiyar amarya. Na ji tit-tit-tit, ba tsayawa. Na leƙa ta gefen kafaɗarsa, ga lambobin nan ɓaro-ɓaro, na yi maza na rubuce su a tafin hannuna da biron matar. Ko ba komai, babbar fuskata ta yi rana.

Sau huɗu ta yi ringin. Wayar ba ta da sirri ko kaɗan, duk layin ana ji. Wata tsohuwar murya ta yi sallama.

Baba ya ce, "Bawana, kana raye?"

Har na ɗauka ta katse. Can sai muryar ta fashe da salati, ta yi ta maimaitawa, sannan ta ce, "Kai, ɗan Fulani! Kai, mugu! Ai na yi maka sadaka! Juma'ar da ta wuce na tara yara na yi maka sadaka!"

"Da me?"

"Da ƙosai."

"Ƙosai? Shekara arba'in, ƙosai? Ko ɗan akuya ba ka yanka ba, marowacin banza?"

"Bafulatani guda nawa yake? Ƙosan ma na yi asara!"

Masu shaguna suka fito suna dariya, har da wanda ya nuna mana ramin caji. Baba ya jingina da bango yana ta zuba zagi, ana mayar masa, ruwa yana bin kumatunsa har cikin gemu. Na miƙa masa gefen mayafina. Ya ture hannuna ya ce, "Bari, Uwata, maganin aikin idon nan ne yake sa shi ruwa."

Daga cikin wayar muryar ta ce, "Ƙarya yake, 'yata. Ni ba a yi mini aikin ido ba, ga shi nawa ma yana yi."