Muciyata a Bangon Aji

Tun ranar da na fara kai 'yata makaranta a Woolwich, nan ƙasar Turawa, abu ɗaya ke cina: kada a yi mata dariya saboda ni. Ni a aji shida na tsaya, Turancina na sayen tumatir ne. Duk takardar da ta fito daga jakarta sai gabana ya faɗi.

Wata Litinin ta zo da takarda mai hoton taurari. Babanta ya karanta a tsaye, yana neman makullinsa. Wai ranar Juma'a malamarsu za ta yi bikin wani tsohon fim na yaƙi a sararin sama, kowane yaro ya zo da shigar mutanen ciki.

Na ce, "Fim ma har da sallarsa? Wa ya rasu ake tunawa da shi?"

"Ba wanda ya rasu, so kawai suke yi. Ni dai na makara."

Na zaga shaguna, kayan sun ƙare, iyayen da suka iya karatu sun riga ni. Yarinya ta fara kuka. Na ce ta nuna mini abin a waya. Wani dattijo ne cikin doguwar riga ruwan ƙasa mai rufe kai, da sanda mai haske a hannu. Na kalla, na sake kallo.

"Ke, wannan ai hijabina ne."

Shi ɗin dai da ta taɓa roƙona in daina zuwa ɗaukarta da shi, wai kowa kallona yake.

Na kalmashe bakinsa, na ɗaure mata da bel ɗin babanta. Sanda kuwa, muciyata na ɗauko, wadda Inna ta cusa mini a akwati ranar da zan baro Kano, na naɗe ta da koriyar takarda mai ƙyalli. Duk hanya addu'a nake.

A bakin aji muka tarar da malamar. Matar da nake gyara tsayuwa kafin in gaishe ta, ga ta da korayen kunnuwa zaƙo-zaƙo, tana kiran sunayen yara da muryar kwaɗo. Tana ganin 'yata ta durƙusa, ta shafa yadin, ta tambayi inda muka samo.

'Yata ta ce, "Na Mummy ne. Kullum tana sawa."

Malamar ta miƙe ta riƙe hannuna da hannu biyu. Daga baya 'yata ta fassara mini: wai ita malamar tun tana ƙarama take son fim ɗin, amma ba ta taɓa samun ƙarfin zuciyar sa kayan fim ɗin kullum kamar ni ba. Ni dai na ce, "Yes, thank you."

Yanzu yarinya da kanta take cewa in zo ɗaukarta da hijabin ruwan ƙasan. Muciya kuwa an kafa ta a bangon aji, da sunan 'yata a ƙasa. Da cokalin katako nake tuƙa tuwo, duk gudaji, babanta yana ci yana kallona. Ba zan iya zuwa in ce a ciro ba.

Don Allah, duk mai tahowa daga gida ya riƙo mini muciya ɗaya. Wanda kuma ya san malamar, kada ya gaya mata aikin waccan.