Tabita Ba Ta da Gari

Ku da ba ku san Malama Tabita ta Gidan Dahala ba, ga ta. A Sakkwato aka haife ta, a nan ta yi haƙori, a nan haƙoran suka fara zubewa. Laifinta ɗaya: ubanta kafinta ne da ya zo daga Filato. Ya mutu, an binne shi a nan, amma ita har yau baƙuwa ce.

Da ɗiyarta Joy ta nemi makarantar koyon jinya, aka ce ta kawo shaidar 'yar asalin jiha. Da suka je neman shaidar a nan Sakkwato, aka ce su je garinsu. Suka niƙi hanya har ƙauyen kakan. Tabita na buɗe baki ta ce, "Mun taho bisa batun ɗiyag ga," dattawa suka kwashe da dariya. "Wannan ai Basakkwaciya ce! Baiwar Allah, koma gida."

Wane gidan kuma?

Sai ga labari a rediyo: masu gyaran tsarin mulkin ƙasa za su zo jin bakin jama'a. Tabita ta goge atamfar zuwa coci, ta haddace maganarta kamar mai jarrabawa: wanda aka haifa a gari, a bar shi ya zama ɗan garin.

A zauren taron, wa ke raba lasifika? Junaidu, wanda ta koya wa ABCD yana majina, yanzu ga tumbi kamar randa.

"Malama! Ina wuni? Jiha-jiha muka kira. Wace taki?"

"Sakkwato, ɗan nema. Ina ka san ni?"

Ya sosa ƙeya. "Awo, Malama. Amma ta asali suka nuhi. Ba Hilato ta ba?"

"Ubana dai."

"To, ku naku zaman can Jos shike. Nan na Sakkwato da Kabi da Zanhwara na."

"Junaidu, abin da ni zo hwaɗi ke nan!"

"Wallahi na sani. Can za ki hwaɗa musu."

Ya wuce da lasifikar, ya miƙa wa wani mai son a ƙirƙiro sabuwar jiha. Aka yi ta tafi.

Tabita ta zauna har aka tashi, ta sha ruwan leda na kyauta. Joy kuwa tana kanti a Ƙofar Kware tana sayar da katin waya. In an tambaye ta 'yar ina ce, sai ta ce a tambayi mamanta.