Haƙora Talatin da Shida

Shekara talatin da ɗaya Jiya ya yi a kan tarakta, kuma duk wanda ya san shi a Fadikpe da abu ɗaya ya san shi: zurfi. In ya sauke garma, sai ta tono jar ƙasar da ba ta taɓa ganin rana ba. Banufe ne, ɗan manoma. Ya fara tuƙi a hannun wata ƙungiyar manoma, da ta watse ya sayi tsohuwar motar ya ci gaba da kansa. A lokacin, tun kafin ruwan fari masu gonakin doya ke yin layi a ƙofar gidansa.

Sai gari ya cinye gonakin. Cikin ashirin da bakwai da yake nomewa duk shekara, sha tara sun zama gidaje, biyar an kewaye su da bulo, ukun da suka rage kuma masu su sun koma hayar sabuwar mota. Wata bakwai tarakta tana tsaye a gindin mangwaro, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta.

"Baban Testimony, ƙarfe ba ya haihuwa," in ji matarsa Margaret. "Mutumin Kontagora ya zo sau uku yana so. In damina ta zauna motar ba ta samo aiki ba, ka sallama masa."

Ya ce to, don ya san gaskiyarta. Amma ya san kuma ran da motar ta fita daga gidan, shi da benci ne har ƙarshen rayuwa.

Ana haka sai ga Madam Lilian, mai wata ƙaramar makaranta a bayan unguwa. Filin wasanta ya zama faƙo, ciyawa tsilli-tsilli. Ta sayo buhu biyu na irin ciyawa, tana neman wanda zai gyara ƙasar a yafa. Jiya ya auna filin da ƙafa, taku casa'in da huɗu a tsaye, hamsin da biyu a kwance. Ya ce aikin rabin yini ne.

"Baba, tsaya ka ji," ta ce. "Fayif ɗin bohol ɗinmu ta ƙarƙashin filin nan ya bi, taƙi ɗaya kacal daga sama. Kuma irin nan ba ya son zurfi. Sosa ƙasar kawai za ka yi, yatsa biyu."

"Yatsa biyu? Madam, wannan ai aikin kaza ne."

"To ni kazar nake nema."

Washegari ya ɗaura haro, ƙarfen nan mai fayafai da ake farfasa ƙasa da shi, ya nufi Kpakungu wajen Zikrullahi mai walda. Kakan Zikrullahi daga Katsina ya zo aikin jirgin ƙasa ya zauna, saboda haka ba sa haɗuwa da Jiya ba a taɓa wasan Katsinawa da Nufawa ba.

"A'a, bawana ne da sassafe?" in ji Zikrullahi. "Ko kifi ya ƙare a Bida ne?"

"Bakatsine, tashi ka gaida ubangidanka. Aiki na kawo maka, in kana da kai."

Suka tsuguna suna zane a ƙasa. Fayafai sha shida ne a jikin haron, kowanne yana nutsewa taƙi biyu. Suka kwance su duka, noti arba'in da takwas, tara sai da aka sa musu wuta. Zikrullahi ya yanka rodi gunduwa talatin da shida, ya jera su sahu uku ya liƙa a jikin firam ɗin kamar haƙoran mataji. A baya suka ɗaura tsohuwar wayar shinge mai raga, don ta riƙa share ƙasar tana daidaita ta.

Gardama ta tashi a kan tsawon haƙoran. Jiya ya ce yatsa shida, zai riƙe liba, sandar da ke ɗaga haron da sauke shi, da hannu ya hana su nutsewa.

"Hannun naka?" in ji Zikrullahi. "Hannun da ya yi shekara talatin yana haƙa kabarin doya? Huɗu zan bar maka, ko rabin yatsa ba zan ƙara ba. In ka fasa fayif ɗin Madam, sunana za a kira."

Jiya ya ji zafin maganar, amma ya bari aka yanke su huɗu.

An yi ruwa ranar Laraba, ran Juma'a da hantsi ya shiga filin. Ya fara kafa turaku sha ɗaya a kan hanyar fayif, kowanne da ƙyalle a kai. Layi na farko ya tafi sumul, haƙora na sosa, raga na sharewa. Shi dai kunya ta kama shi. In ya waiga, sai ya ga kamar bai yi komai ba. Masu keke Napep da ke wucewa suna ɗaga masa hannu, ya riƙa kau da kai.

A layi na sha huɗu hankalinsa ya tafi wani wuri, hannu ya yi abin da ya saba. Ya danna liba har ƙasa. Sai da ya gama layi uku ya lura motar tana nishi irin na gona. Ya taka birki, ya diro, ya bi sawun da gudu har inda ya ƙetare turaku, ya tona da yatsunsa. Fayif na nan lafiya, haƙoran sun wuce ta kansa da yatsa uku. Daga nan ya tsinko waya ya ɗaure libar a inda ya kamata, ya ƙarasa filin da hannu biyu a kan sitiyari. Layi ashirin da shida. Aka yafa iri a ranar.

Kwana goma sha ɗaya yana zuwa dubawa safe da yamma. Ciyawa ta fito kore shar, sai layi uku da suka tsaya ja kamar an aske. Ƙasar wurin ta yi laushi da yawa, ruwa ya binne irin.

Madam Lilian ta tsaya a bakin wurin. "Baba, nan fa?"

"Ni ne, Madam. Ba iri ba ne, ba ƙarfe ba ne. Hannuna ne."

Ya ari manjagara ya gyara layukan da kansa, yini biyu a sunkuye, mutumin da rabonsa da noman hannu tun yana saurayi. Ta ba shi ragowar iri ya yafa. Rana ta biyu da la'asar ta zo da wani dattijo mai kula da filin cocinsu a Tunga, wanda ya zaga filin sau biyu ya tambayi yaushe Jiya ke da sarari.

Ran Asabar mutumin Kontagora ya dawo karo na huɗu. Jiya yana ƙarƙashin mota yana ɗaure noti, yana jin su a ƙofa.

"Hajiya, yau dai mu gama magana."

"Ni ba Hajiya ba ce," in ji Margaret. "Kuma motar tana da aiki ran Litinin. Ka ɗan matsa da mashin ɗinka, ka tare mata hanya."