Ruwan Kududdufi a Kwalbar Man Shafawa

Abubuwa da yawa na shekarun wahala sun ɓace mini, amma hantsin da na ɗaga ruwan kududdufinmu a kwalba na duba shi a rana, shi kam yana nan daram a raina.

A lokacin, fari ya ƙafar da rijiyoyin ƙauyenmu, can gaba da Minjibir, kowa ya koma shan kududdufi. Da damina ta faɗi sai kurkunu ya kwantar da magidanta. Ni da yayana gandu ɗaya muke. Daminar da ta gabata a tabarma muka yi ta mu biyu, muna naɗe tsutsa a tsinke, ciyawa tana cinye gero. Abin da ya rage a rumbu ba zai ɗauki wata damina irin wannan ba. Mu kuwa a saninmu kurkunu a jini yake, gadonsa ake yi kamar gona.

Da furfura a gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ga ba na gajiya da haɗa baƙi, sai ya ara mini wani ɗan littafi na masu fara koyon duba ƙananan halittu da haske. Can ƙarshensa zancen madubin likita ne, ban ma kai wurin ba. Farkonsa kuwa kwalba ce da rana kawai. Ya ce ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu ana ganinsu da ido, in mutum ya san yadda zai riƙe ruwan.

Mu ba mu taɓa ganin ruwa ta gefe ba. Daga tulu sai randa, daga randa sai moɗa, duk ta sama ake leƙawa. In laka ta kwanta, shi ke nan ruwa ya yi kyau.

Na samo koriyar kwalbar lemo na cika, na tsaya tsakar gida ina ta kallo har idona ya yi ƙwalla. Ban ga komai ba. Yaya yana gyaran ƙotar fartanya, ya ce, "Malamin boko, me ka hango? Kifi ko kada?"

Na koma kan shafin ina bi da yatsa, sai na ga ashe garaje na yi. Kwalbar sai marar launi, hasken ya bugo ta gefe, sannan a sa baƙin abu a bayanta. Na roƙi maiɗakina kwalbar man shafawarta, na wanke da toka, ta rataya mini baƙin zane a ƙofar ɗaki.

Sai ga su. Farare, ƙanana kamar garin gero, amma suna zillo, kowanne da inda ya nufa. Na miƙa mata kwalbar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi salati ta ce, "Malam, wannan muke bai wa yara?" Ta ƙwala wa matar Yaya kira, ita ma ta gani. Muka tace ruwan da ƙyalle mai ƙaramin ido, ninki biyu, muka sake ɗagawa. Babu abin da ya motsa. Daga ranar babu ruwan da ya shiga randarmu sai tatacce.

Ana fara noman fari kurkunu ya ɓullo wa Yaya a idon sawu. Ni Allah ya tsallakar da ni. A ƙofar masallaci aka sa ni gaba: "Ya mai jiki? Ko ƙyallen ne ya huje?" Littafin ya faɗa cewa wanda aka sha bara shi ke fitowa bana, amma wa zai saurari wannan ga mutum a kwance? Yaya ya kira ni ya ce, "Ka bar wahalar da mata. Ba a tace gado." Shi ne babba, na ce to.

Washegari na tarar da matan biyu a bakin randa da ƙyallensu. Yaya ya ɗaga murya daga tabarma, matarsa ta durƙusa ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Ko ba ya hana ciwon, na gan su suna motsi. Wallahi ba na iya haɗiye su." Ya juya fuska bango.

Wannan damina ni kaɗai na yi ta fama, muka sha da ƙyar. Da ta zagayo, mu biyu muka fita da fartanya, kuma babu wanda ya kwanta a gidanmu har aka yi girbi. Yaya bai taɓa cewa na yi gaskiya ba. Na dai lura ya daina shan ruwan kowa a gona sai na gorarsa.

Abin da na koya shi ne, littafin masu farawa ba abin rainawa ba ne. Bai nemi in yarda da shi ba, ya dai nuna mini inda zan tsaya in gani. Da a ce da baki kawai na gaya wa matan nan, da maganar Yaya ta rushe tawa tun ranar farko. Abin da mutum ya gani da idonsa kuwa, ko maigida ba ya iya ƙwace shi.