Ƙofar da Abu Rawan Ya Rufe da Hannunsa

Shekara ashirin da shida Munzir ya yi yana aiki a laburaren wata jami'a a Irbid, a ƙasar Jordan, amma ba a cika ganinsa tsakanin littattafai ba. Ofishinsa yana ƙasa, kusa da ɗakin injuna. Shi ke kula da shafin intanet na binciken littattafai, shi ke tsara wanda zai shiga da wanda za a hana. Ba mai kiransa Munzir. Abu Rawan ake ce masa, da sunan 'yarsa tilo, har bayan rasuwarta.

Rawan tana aji uku a sashen aikin gona zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana tara ta yi, ta rasu. A lokacin laburare ne ke buɗe wa kowane ɗalibi asusu, kuma uban ya san kalmar sirrinta, don shi ya buɗe mata. Ƙa'ida ta ce a goge asusun wanda ya bar makaranta. Bai goge ba. Shekara biyu, kullum da safe kafin ya kurɓi gahawa, sai ya shiga da sunanta, shafin ya ce, "Barka da zuwa, Rawan." A ciki akwai littattafai goma sha ɗaya da ta jera, ta rubuta a samansu: bayan jarrabawa.

Sai umarni ya zo cewa laburare ya daina riƙe kalmomin sirri. Duk mai son shiga, shafin zai tambayi rajistar jami'a ko ta san shi. Wanda ba ta sani ba, ƙofa a rufe. Munzir aka ba aikin haɗawar.

Ana cikin mako na uku, Ummu Ziyad, shugabar sashen aron littattafai, ta sauko da gurasa mai man zaitun a takarda.

"Abu Rawan, mabuɗin sirri ɗaya fa za ka karɓo wajen masu rajista ka saka. Ko sai an yanka maka rago?"

"Na saka tun tuni."

"To me ya rage?"

"Gwaji. Na gwada wanda ya kamata ya shiga, ya shiga. Saura wanda ya kamata a hana."

"Ƙirƙiri wani mana. Sa masa sunan maigidana, na daɗe ina son ganin an tare shi a bakin ƙofa."

Ya yi ɗan murmushi. "Wanda aka ƙirƙira ba ya nuna gaskiya. Sai wanda ya yi ɗalibta, sunansa ya fita daga rajista, asusunsa kuma yana nan. Guda ɗaya ya rage a laburaren nan."

Ummu Ziyad ta ajiye gurasar a hankali. Ta gane.

"Kawo in yi maka, ɗan'uwa."

"A'a. Ni na buɗe mata."

Ya san layi ɗaya zai ƙara a tsarin, asusun ya tsira, ba wanda zai lura. Amma ya daɗe a aikin nan, ya san ƙofar da aka bari a buɗe saboda mamaci, wata rana ɓarawo ne zai bi ta cikinta. Kuma sunan 'yarsa ɓarawon zai ɗauka.

Ya shiga ta tsohuwar hanya, ya bar gaisuwar a kan allo har gahawarsa ta huce. Ya kwafe sunayen littattafan a takarda da biro, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kunna sabon tsarin, ya rubuta sunanta.

Shafin ya ce, "Ba a san wannan suna ba."

A rahotonsa ya rubuta: gwaji ya yi daidai.

Bayan azahar ya hau sama, ya ɗauko littafin farko a jerin, ya miƙa wa Ummu Ziyad tare da katinsa. Ta duba bangon.

"Cututtukan itacen zaitun? Kai da ko na'ana'a ba ta rayuwa a hannunka?"

"Kwana nawa ake ba ma'aikaci?"

"Wata guda."

Ya dubi takardar da ke hannunsa. "Goma sha ɗaya ne."

"To ka dinga dawo da su a kan lokaci," in ji ta. Ta buga hatimi, ba ta ɗago kai ba.