Ɗan da Inna Ba Ta Kallo

Yayana mai wa'azin Kirista ne, ni kuma ɗan liman. Na gaji da bayanin wannan ga mutane, amma bari in sake yi. Ɗan farin Innarmu ya koma tun kafin a yi suna. A cikin makon aka yi rasuwa a unguwar Maguzawa da ke bayan gonarmu a ƙasar Kankara, mace ta mutu wajen haihuwa ta bar jariri yana tsala kuka. Tsofaffi suka naɗo shi a zane suka kawo wa Inna, tunda tana da nono ba mai sha. Ta shayar da shi har yaye, sannan ubansa ya zo ya ɗauke shi. Tun daga nan ta ɗora masa duk kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana, ba ta ɗaga ido ta dube shi. In ya yi sallama sai ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Sunansa a bakinta "wancan".

Ni ne auta, don haka ni ne bakinta. "Ka ce ma wancan ya ci tuwo." "Ka ce ma wancan ya rame." Yadda ta san ya rame alhali ba ta kallonsa, wannan ban taɓa samun amsarsa ba.

Ya yi makarantar mishan, ya tafi kudu ya daɗe, sai ga shi ya dawo a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, lokacin da kowane ɗan ƙauye ke rataye da rediyo, ni kuma an ɗauke ni koyarwa a firamare. Ya dawo da farar akori-kura, da janareta, da lasifika biyu ɗaure a kan motar, da kwat fara wadda ko a zafin bazara ba ya cirewa. Yana bin kasuwanni daga Kankara zuwa Faskari har Sabuwa, ya kafa rumfa a bayan gari, a yi ta kiɗa da waƙa, sannan ya kira marasa lafiya ya ɗora musu hannu a ka.

Babu wanda bai yi faɗa da shi ba. Malamanmu suka hana zuwa wurinsa. Dattawan cocin da ya tashi a ciki suka ce ba nasu ba ne, ya cika hayaniya. Ma'aikatan asibiti kuwa kamar su cinye shi, domin yana faɗa a lasifika cewa mai neman allura bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci. Wasu na rantsuwa sun warke a hannunsa. Ni dai na san wani mutumin Mairuwa da ya jefar da sandarsa a gaban jama'a ana ta tafi, washegari ya aiko ɗansa a nemo masa ita. Da na tsokani Yaya da wannan, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Ai kwana guda da ya yi ba sanda ma kyauta ce." Haushinsa nake ji sosai, kuma ina son sa. Bai taɓa zuwa gidanmu hannu sake ba, bai kuma taɓa buɗe bakin wa'azi a zauren Baba ba. A nan durƙusawa yake ya gaida Baba kamar kowa, kwat ɗin tana shan ƙasa.

Ana cikin haka sai yanar ido ta rufe wa Inna ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. Matar da ke tsince tsakuwa a gero tun kafin kowa ya gani, ta koma laluben bango. Ranar da ta zuba gishiri a koko hankalina ya tashi. Wani malamin asibiti ya duba ta ya ce aiki ne, a kai ta asibitin ido a birni tun da sauran gani, in aka yi sakaci shi ke nan.

Na yi magiya, na yi faɗa, na haɗa ta da Baba. Ta ce ita ba mai sa mata wuƙa a ido. "Wanda ya ba ni shi ya amshi abinshi. Kai ka cika tsiya, tashi ka ba ni wuri." Da ni Inna ba ta rasa amsa. In na kawo hujja ɗaya sai ta kawo uku, ta ƙare da tuna mini cewa ita ta yi wankan jegona.

Gari kuma ya samu abin taunawa. A majalisa ana cewa, ga mai buɗe idon makafi a Sabuwa, uwar da ta shayar da shi tana lalube. Maganar ta kai masa. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya ce in roƙa masa ita ta bari ya ɗora mata hannu a ido ya yi addu'a.

Ta juya baya ta ce, "Ka ce mashi ni da Ubangijina muna magana sau biyar kullum. In shina da fata nagari ya yi daga inda yake, ba a hana ɗa. Amma hannunshi bisa fuskata, shina kallona ina kallonshi? Ashe ban da kunya."

Mutumin da ya dafa kawunan jama'ar kasuwa uku ya tsaya da hannuwansa a aljihu. Na raka shi mota. Ya daɗe bai tada ta ba, sannan ya tambaye ni me malamin asibiti ya ce. Na gaya masa, na ƙara da baƙar magana, na ce ai shi ya koya wa mutane gudun allura.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga akori-kura ba lasifika a kanta, an shimfiɗa katifa a baya. Ya ja ni gefe ya ce, "Yau duk abin da ta ba ka ka kawo mani, kada ka kawo." Ban gane ba sai da ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofarta, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Ya yi mata magana kai tsaye.

"Inna, mota na ƙofa. Asibiti za mu. Ki tashi."

Ta lalubo hannuna ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka ce mashi ba ni zuwa."

Na ce, "Inna, yau kunnena ya toshe."

Ta mintsine ni har sai da na ga taurari, na dai ƙi faɗa masa. Ya sake cewa, "Inna, ki tashi." Hanya biyu ta rage mata: ko ta buɗe baki ta yi musu da ɗan fari a gaban mutanen gida, ko ta tashi. Ta zauna tana huci. Can ta ce wa bango, "A miƙo mani mayafina."

A asibiti shi ya bi layi, da farar kwat ɗinsa, yana riƙe da katinta. Akwai waɗanda suka gane shi, har wata mata da ta taɓa zubar da maganinta saboda wa'azinsa ta tsaya ta ƙare masa kallo. Labari ya riga mu dawowa gida. Mabiyansa da yawa suka watse, waɗanda suka rage suka tambaye shi a Faskari, ya ce hannun likita ma Allah ne ya yi shi. Daga ranar bai ƙara zagin allura a lasifika ba, rumfarsa kuma ba ta ƙara cika kamar da ba. Ya san haka za ta faru tun kafin ya kwance lasifikan.

Ido ɗaya aka samu, aka ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da aka kwance bandeji yana tsaye a gefen gado. Tana jin tarinsa ta mai da fuska ga bango. Wato abin da ta fara gani da sabon idonta fentin asibiti ne. Raina ya ɓaci, na ce a zuci wannan kunya ta yi yawa. Shi kuwa murmushi ya yi ya fita.

Ya maido mu gida, ya gaida Baba, ya ce zai wuce. Na raka shi, na dawo ɗaukar masa ƙullin daddawar da ta ce a ba wancan. Sai na tarar da ita tsaye a jikin danga, ta buɗa karan da yatsa biyu, ta manna tabarau a kafar. Yana can yana goge gilashin mota da hankici, bai sani ba. Ta kalle shi tun daga takalmi har ka, a hankali, ba ta ko ƙiftawa. Da ta ji motsina ba ta juyo ba.

Ta ce, "Auta, yaushe ya yi furfura haka?"

Na ce, "Ya daɗe, Inna. In kira shi?"

Ta ce, "Kul. Ka dai ce mashi ya rage gudu da motar nan."